Barista, Yardar da Tsoro Ya Haifar Yarda Ce a Gaban Kotu?

Assalamu alaikum Barista. Mu ma'aikatan wata ƙungiya ce mai raka matan da aka yi wa fyaɗe zuwa asibiti da kotu, muna neman ƙarin haske.

Sashe na 282 na Final Kod, wato kundin dokokin hukunta laifuka na Arewacin Najeriya, ya ce fyaɗe ne ko da mace ta yarda, matuƙar an samo yardar ta hanyar jefa ta cikin tsoron mutuwa ko jin rauni a jiki. Idan an zare wuƙa, magana ta ƙare. Amma barazanar da ta fi yawa yanzu ba ta barin tabo: "zan watsa hotunanki a WhatsApp", "zan kayar da ke jarrabawa", "zan kore ki daga aiki". Nan take lauyan wanda ake tuhuma zai miƙe ya ce ba a doke ta ba, ba ta yi ihu ba, da ƙafarta ta je ɗakin. Mu dai a ganinmu wannan hujja zalunci ce, domin wadda tsoro ya daskarar ba ta kokawa.

Sai dai sashe na 39 na kundin ya ce yardar da aka bayar saboda tsoron cutarwa ba yarda ba ce, idan mai aikatawar ya san da haka, kuma cutarwa a kundin ta haɗa da jiki, hankali, mutunci da dukiya. Shin mai gabatar da ƙara zai iya tsayawa kan wannan ya ce babu yarda tun farko? Dokar VAPP ta 2015, wato dokar tarayya ta haramta cin zarafin mutane, ta fi fito da abin fili: sashe na 1 ya ambaci barazana ko tsoratarwa kowace iri, kuma mafi ƙarancin hukuncin baligi shekara 12. A jihar da ta amince da ita, tsakaninta da Final Kod wacce ya fi dacewa a shigar da tuhuma ƙarƙashinta?

Sai batun hujja. Rahoton likita yakan nuna an sadu, ba ya nuna ko an yarda, musamman idan ta riga ta yi wanka ko kwanaki sun shige. Shi ya sa muke matsa wa iyaye su kai ta asibiti cikin awa 72, kafin lokacin maganin kariya daga ƙanjamau ya wuce, su adana tufafin a takarda, ba a leda ba, don gumi na lalata su. Saƙonnin barazana kuwa sukan faɗi a kotu idan ba a haɗa su da takardar tabbatar da hujjar da aka ciro daga waya ko kwamfuta, wadda sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya nema ba, ko kuma iyaye sun goge su don kunya.

To Barista, idan babu rauni kuma babu wanda ya gani, me alƙali zai karɓa a matsayin abin da ya ƙarfafa bayaninta? Mutumin da ta fara faɗa wa? Kuma idan tsoron nan ne ya sa ta yi shiru watanni, ta yaya za a bayyana jinkirin kada ya zama makami a hannun lauyan ɗaya ɓangaren?

Muna jiran amsarka a shirin mako mai zuwa. Allah ya ƙara basira.

Masu sauraronka a kullum.