Wasiƙa Daga Tawa Kan Maganin Karenka

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ƙoƙarin zama a birnin Liyon na Faransa. Mu nan Tawa sai godiyar Allah, bazara ta kama gadan-gadan. Inna tana nan lafiya, ƙafar ta yi sauƙi har tana zuwa masallaci da kanta.

Saƙonka ya iso hannuna, da ƴan kwalaben ƙwayoyin nan farare da takardar da ka haɗo. Ka ce a riƙa sa wa karenka tafarnuwa a abinci saboda tsutsar ciki, a ba shi ƙwayoyin, kuma a daina kai shi allurar rigakafin haukan kare don mutanen da kake zaune da su sun ce maganin itatuwa ya wadatar. Na san ƙauna ce ta sa. Amma ni ka damƙa wa amanarsa, don haka gaskiya zan faɗa maka ko ba ta yi daɗi ba.

Karen yana nan garka, lafiya lau, yana gadi dare da rana. Idan ka ga haƙarƙarinsa a hoto kada hankalinka ya tashi. Jinin Azawak ne, kai da kanka ka ɗauko shi daga Abalak yana ɗan kwikwiyo, kuma haka Allah ya ƙera su: doguwar ƙafa, shafaffen ciki, ba su tara kitse.

Ba na raina maganin gida, da shi nake kula da shi kullum. Dogon yaro ba baƙonmu ba ne a Adar, tun 1975 aka fara dasa shi layi-layi a kwarin Majiya wajen Buza don ya tare iska. Nakan tafasa ganyensa, in bari ruwan ya huce, in wanke karen da yamma. Ƙuma na raguwa, susa ma na lafawa. Sai dai ban yarda ya sha ruwan ba, kuma kaskar da ta riga ta kafa baki ba ta jin dogon yaro. Ita sai hannu. Ina ɗaga kunnuwansa, in buɗa tsakanin yatsunsa, nan suke laɓewa. Ka kama ta dab da fata, ka ja a miƙe ba tare da ka matse cikinta ba, ka jefa a ɗan kananzir. Kaska ba jini kawai take sha ba, cutar da take zubawa a jini ce ke kwantar da kare da zazzaɓi.

Yanzu da rairayi ke ƙuna da tsakar rana, tafin ƙafarsa na tsagewa, sai in shafa masa man kaɗe da dare. Kwanaki langa-langa ta yanke shi a cinya. Na wanke wurin da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri, na sa zuma, na ɗaure da tsumma mai tsabta don kada ya lashe ko ƙuda su sauka. Ya warke tas. Idan cikinsa ya ɗan ɓaci, farar shinkafa da dafaffiyar kabewa ba mai ba yaji sun isa, da ruwa a inuwa wanda ba ya yankewa.

Tafarnuwa kuwa ba zan ba shi ba. Ita da albasa dangi ɗaya ne, kuma abin da ke cikinsu yana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Ɗanya ce, dafaffiya ce, ko busasshiya irin gabun da ake zubawa a miya, duk ɗaya. Abin tsoron shi ne ba a ganin illar nan take, sai bayan ƴan kwanaki ka ga dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu, yana haki ba gudu ya yi ba. Ka san yadda albasar Galmi take a ƙasar nan, babu tukunyar da ba ta shiga. Shi ya sa na hana yara zuba masa ragowar miya, tuwonsa daban ake cire masa. Haka na hana baƙin man mota da wasu ke shafa wa kare mai ƙazuwa, da garin taba da ake ɗura masa wai don tsutsa, da farasetamol ɗin mutane. Duk guba ne gare shi. Ƙazuwa wasu ƙananan ƙwari ne ke shiga cikin fata, kuma likitan dabbobi na da maganinta, haka ma tsutsar ciki.

Ƙwayoyin da ka aiko na homiyofati ne. Wani likita Bajamushe, Samuwel Haniman, shi ya fito da wannan hanya a 1796. Ka duba jikin kwalbar za ka ga 30 CH. Ma'anarsa an ɗauki kashi ɗaya na magani an gauraya da kashi 99 na ruwa ko sinadari, aka ɗebi kashi ɗaya daga nan aka sake, har sau 30. Tun wajen karo na 12 da wuya a ce wani abu na asalin maganin ya saura. Kamar ka ɗiga shayi a tabkin Tabalak ne, ka ɗebo kofi ka ce shayi za ka sha. Ba za su cuce shi ba, amma ba zan dogara da su ba ranar da ya kwanta. Inshorar lafiya ta Faransa ma ta daina biyan kuɗinsu tun farkon 2021.

Maganar allura ce ta fi damuna. Mutanen Liyon na iya sakewa, domin tun 2001 aka tabbatar Faransa ta rabu da cutar haukan kare a dabbobinta na ƙasa, kuma allurar rigakafi ce ta kai su nan, har yanyawa na daji aka riƙa ajiye wa abinci mai magani. Mu ba mu kai can ba. Karenka na kwana a fili, karnukan da ba su da mai su na ratsawa ta bayan garka, wani lokaci a yi faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutane wajen 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana, ba ganye, ba saiwa, ba asibitin da ke da magani. A Faransar da kake zaune ne masanin kimiyya Luwi Pasta ya fara gwada wannan allura a 1885 a kan wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya cije, yaron kuma ya rayu.

Ɗiyan ƙanenka kullum suna garka, ƙaramar ma da hannunta take ba karen tuwo, yana lashe mata yatsu. Saboda ita ba zan bi maganarka a nan ba, ka yafe mini. Na kuma koya wa yaran duka cewa in kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya neman mai tofi ko a ɗaure wurin da ganye.

Mako mai zuwa in Allah ya yarda zan kai shi ofishin kiwo a sabunta masa allurar, in ɗauki hoton katin in turo maka. Idan kana son yi masa alheri, kuɗin da kake sayen ƙwayoyi ka turo su mu haɗa da karnukan maƙwabta, domin sai an yi wa wajen kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi cutar ke daina yawo. Na riga na yi magana da mai unguwa, ya ce zai sanar bayan sallar Juma'a.

Ka gaishe da uwargida da yara. Inna na tambaya ko da babbar salla za ka zo, ka kira ta ka ba ta amsa da bakinka.

Wassalam.

Ni ne amininka,
daga Tawa.