Sanarwa Kan Tattalin Gida Da Kwaɓin Wasan Yara

Assalamu alaikum, iyaye mata da ƴan'uwa na wannan rukuni.

Ganin hutun makaranta ya kawo jiki, kuma kayan wasan yara sun yi tsada a kantunan Kaduna, muka ga ya dace mu kawo muku yadda ake haɗa kwaɓin wasa a gida, wanda yara ke mulmulawa su ƙera shanu da tukwane da motoci. Ana zuba fulawa kofi 2 da gishiri kofi 1 a roba, a sa man gyaɗa cokali 2, sannan a riƙa tsiyaya ruwan ɗumi kamar kofi 1 ana murzawa har sai ya daina manne wa hannu. Ba sai an sayi kala ba, domin garin kurkum yana ba da ruwan ɗorawa, jiƙon zoɓo kuma ya rina shi ja-ja. Gishirin ne ke hana shi saurin lalacewa, amma saboda yawansa, kada a bar yaron da bai yi wayo ba ya kai shi baki. In an gama wasa a ƙulle shi a leda, musamman da hunturu, in ba haka ba ya bushe ya tsattsage.

Haka kuma, masu son a haɗa kuɗi a sayo buhun fulawa da kwandon tumatir na shanyawa a raba, su rubuta sunansu kafin ranar Juma'a, domin sari ya fi awon mudu sauƙi nesa ba kusa ba.