Idan Mata Suka Fito Titi, A Karanta Abin Da Ke Kan Kwalayensu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan tattakin da mata ke yi don neman haƙƙoƙinsu, musamman na ranar 8 ga Maris, wato Ranar Mata ta Duniya.

Duk shekara idan ranar ta zagayo, yabo yakan cika ko'ina. Shugabanni su fitar da saƙonni, kamfanoni su yi talla, a Facebook kowa ya ɗora hoton mahaifiyarsa yana kiran ta jaruma. Ni ma ina cikin masu yabon, kuma da zuciya ɗaya nake yin sa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yawancin yabon a kan haƙuri yake tsayawa. A yaba wa mace don ta jure, ta shanye, ta yi shiru. Ranar da wannan macen ta ɗauki kwali ta fito ta ce kayan sun yi mata nauyi, sai masu yabon jiya su ce ta fitsare, ko kuma su ce wasu ne suka zuga ta. Alhali ƙarfin zuciyar da ya sa ta jure shekara da shekaru, shi ne dai ya fito da ita titi.

Mai cewa zuga ce, ya dubi Laberiya. A 2003 yaƙin basasa ya riga ya ɗaiɗaita ƙasar, an kashe dubban mutane, an mayar da yara ƙanana mayaƙa, an keta haddin mata ba adadi. Sai mata suka haɗa kai, Musulmi da Kirista, ƙarƙashin jagorancin Leymah Gbowee da Asatu Bah Kenneth, suka sa fararen kaya, suka zauna a wani fili a Monrovia, kan hanyar da ayarin motocin Shugaba Charles Taylor ke bi. Rana ta doke su, ruwa ya jiƙa su, ba su tashi ba. Da yawansu 'yan kasuwa ne da waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, ba masu manyan takardun makaranta ba. Sai da suka sa Taylor ya saurare su. Da aka koma Accra, babban birnin Ghana, don tattaunawar sulhu, maza masu bindiga suka yi ta jan ƙafa mako bayan mako, matan suka bi su har can, suka zauna a bakin ƙofar zauren suka harɗe hannuwa, suka ce ba mai fita sai an daidaita. A watan Agustan shekarar aka sa hannu a yarjejeniya. Bayan shekara biyu 'yan Laberiya suka zaɓi Ellen Johnson Sirleaf, mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka. Wa ya zuga uwar da aka kashe ɗanta a gabanta? Baƙin ciki ne ya tashe ta, kuma duk wanda ya kwana lafiya a ƙasar bayan nan, mace ko namiji, ya ci albarkacin zaman da ta yi a rana.

Haka iyaye mata na Ajantina. A zamanin mulkin soja, ana sace matasa a ɓatar da su, ba gawa ba labari. A ƙarshen Afrilun 1977 wasu iyaye mata su 14 suka je dandalin da ke gaban fadar gwamnati a Buenos Aires, suna tambayar inda 'ya'yansu suke. Da yake an hana taro, 'yan sanda suka ce musu su yi gaba, kada su tsaya. Sai suka fara zagaya dandalin a ƙafa, daga baya suka mayar da shi al'adar kowace Alhamis, da fararen kallabi a kansu. Kafin shekarar ta ƙare aka sace wadda ta fara tara su, Azucena Villaflor, aka kashe ta. Sauran suka ci gaba da zuwa. Mulkin sojan ya faɗi a 1983, kuma an gurfanar da manyan janar-janar ɗinsa a kotu. A lokacin da maza masu muƙami da ilimi suka yi gum saboda tsoro, waɗannan matan ne suka hana a binne maganar.

Kuma ba daga wata nahiya guda abin ya samo asali ba, balle a ce aron sa aka yi. A 1929 matan Aba da kewaye suka tashi a kan shirin ɗora musu haraji da zaluncin sarakunan da Turawan mulkin mallaka suka naɗa. An harbe fiye da 50 daga cikinsu, amma dole aka sake tsarin. Matan Abeokuta ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti sun yi ta zaman dirshan a ƙofar fada har sarkin garin, Alake, ya sauka daga karaga na wani lokaci a 1949. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan neman a bai wa mata damar jefa ƙuri'a. A Iceland kuwa, ranar 24 ga Oktoba 1975, kusan kashi 90 cikin 100 na matan ƙasar suka ajiye aiki, na ofis da na gida, kwana ɗaya tak. Makarantu da masana'antu suka tsaya cik, kowa ya ga girman aikin da ba a lissafa shi. Shekara ta zagayo majalisa ta yi dokar daidaito.

Ga mai ganin kai kuka rashin kunya ne ga mace, ya tuna Khaulatu bint Sa'alaba, wadda ta je gaban Manzon Allah (SAW) tana jayayya a kan abin da mijinta ya yi mata. Ba a kore ta ba, ba a ce ta koma ta yi haƙuri kawai ba. Ayoyi aka saukar a kan kukanta, kuma Suratul Mujadala na nan ana karantawa har gobe.

To me ke fito da mata yau? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin uku ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar lalata a rayuwarta, kuma mafi yawa daga hannun mijinta ko wanda take tare da shi. Fiye da mata 250,000 ke mutuwa kowace shekara wajen goyon ciki da haihuwa, kusan kashi 70 cikin 100 a Afirka kudu da Sahara, kuma galibi da abin da likitoci suka daɗe da sanin maganinsa: zubar jini, hawan jini, ƙwayoyin cuta bayan haihuwa. 'Yan mata sama da miliyan 100 ba sa zuwa makaranta. Ga gwauruwar da dangin miji ke cinye gadonta da na marayunta, ga ma'aikaciyar da ake biya ƙasa da namijin da suke aiki iri ɗaya. A majalisun dokokin duniya, inda ake yanke yadda za a raba kuɗin asibiti da na makaranta, mata ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kujeru ba. Waɗannan su ne abubuwan da ke rubuce a kan kwalayen. Ban ga wanda a cikinsu zai cutar da namiji mai adalci ba.

Na sani akan samu tattakin da ke ɗauke da buƙatun da wani ba zai yarda da su ba, saboda addininsa ko tarbiyyarsa. Wannan haƙƙinsa ne. Ya ware wadda bai yarda da ita ba, ya kawo hujjarsa. Abin da ba daidai ba ne shi ne ya fake da buƙata ɗaya ya yi watsi da kukan macen da jini ya ƙare mata a ɗakin haihuwa.

Tattaki kuma ba ya biyan buƙata nan take ko da yaushe. Ranar 9 ga Agusta 1956 mata kusan 20,000 suka taru a fadar gwamnati a Pretoria ta Afirka ta Kudu, baƙaƙe da farare da Indiyawa, don ƙin dokar da ta tilasta wa baƙar fata yawo da takardar izini. Sun ajiye takardun koke a ƙofar ofishin firaminista, sun tsaya shiru na rabin awa, wasu da goyo a baya. Sai bayan shekara 30, a 1986, aka soke dokar. A Najeriya ma, a Maris ɗin 2022 Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta yi fatali da ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki. Mata suka yi kwanaki a ƙofar majalisar, har Majalisar Wakilai ta janye matakinta a kan uku daga ciki. Daga nan hankalin jama'a ya koma wani wuri, maganar ta bi ruwa, kuma bayan zaɓen 2023 mata ba su kai kashi 5 cikin 100 na 'yan majalisar ba. Fitowar ta buɗe ƙofa, rashin mai bibiya ya sa aka sake rufe ta.

Nan ne nake da ƙorafi a kan 'yan jarida, Malam Edita, kuma da girmamawa nake yin sa. Sau da yawa rahoton tattakin mata ba ya wuce hoto mai kyau da layi biyu: sun fito, sun rera waƙa, sun watse lafiya. Mai karatu zai san launin kayan da suka sa, amma ba zai san me suka nema ba, wa suka miƙa wa takarda, me ya amsa musu. Ina roƙon ranar da mata za su sake fitowa, ka tura wakili ya rubuto buƙatunsu ɗaya bayan ɗaya, ya zanta da dattijuwar da ke can ƙarshen layi kamar yadda zai zanta da mai riƙe da lasifika. Bayan wata uku a koma wurin jami'in da ya karɓi takardar a tambaye shi inda aka kwana. Bayan wata shida a sake komawa. Idan an cika alƙawari a buga, idan an saɓa ma a buga da sunan wanda ya saɓa.

Ga maza 'yan uwana kuma, wurinmu yana cikin sahun. Mai 'ya, mai ƙanwa, mai mata, har da wanda ba shi da ko ɗaya amma yana ƙin zalunci, ya fito ya taka tare da su, ya bar su su yi magana da bakinsu. Wanda ba zai iya fitowa ba, ya sa 'yarsa a makaranta ya bar ta ta gama, ya kai matarsa awo a kan lokaci, ya bai wa 'yar uwarsa gadonta cif, ya tambayi ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arsa matsayinsa a kan ƙudurorin da suka shafi mata kafin ya dangwala masa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum