Yaya, motar ba za ta riski kakar bana ba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Inna. Ina damina? An ce mini Gulbi ya kawo ruwa sosai bana. Allah ya sa gero ya yi albarka.

Kullum ka tambaye ni zancen kat-kat, motar da nake gyarawa in aiko gida, sai in ce saura kaɗan. Yau dai gara ka ji gaskiya: ba za ta iso kafin kaka ba. Kada ka yi wa masu aya alkawarin ɗaukar kaya da ita.

Inji ba shi da laifi. Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, irin waɗanda ke ratsa rairayin arewacin Dakoro, injinta 1HZ, silinda 6, lita 4.2, babu kwamfuta a ciki. Dalilin da ya sa na zaɓe ta ke nan, kowane makanike a Maradi zai buɗe ta ya mayar. Shasi ne ya karya mini gwiwa. A nan Beljiyam in sanyi ya shigo gishiri suke watsawa a titi don ƙanƙara ta narke, gishirin kuma shi ke cin mota ta ƙasa, sama tana ƙyalli. Ranar da na sauke akwatin baya, na danna sukundireba a wurin da lam, wato ganyen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, ke kamawa, sai ta shige kamar na soki tsohuwar ƙwarya. Tsatsa ta zubo mini a fuska, ja wur. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba.

Na yanke ruɓaɓɓen wurin duka, na sa sabon ƙarfe mai kauri na yi walda. Gefen hagu kaɗai ya ci Lahadi 6, don Lahadi ce kawai tawa. Sauran ranakun ina unguwar Heyvaert a nan Burusel muna shirya motocin mutane masu tafiya Afirka, tawa tana lulluɓe da tamfol a lungun da mai gareji ya ara mini, Allah ya saka masa. Na ƙara wa lam na baya ganye 2 saboda nauyin buhuna. Saura gefen dama, da birki, da wayoyin wuta da ɓeraye suka cinye. Ko gwada ta a titi ba dama: tun 2018 Burusel ta hana tsofaffin motocin gazuwal, wato dizal, yawo a gari, kamara ta ɗauki lamba, tara ta biyo ka gida. Iyakar tafiyarta daga lungu zuwa ƙofar gareji.

Wani ɗan garinmu ya ce in shafe tsatsar da baƙin fenti in aiko, wa zai leƙa ƙasa? Na ƙi. Ka tuna daren da ciwon Baba ya tashi a ƙauye, motar da muka samo ta kafe a rairayi, muka ƙarasa da shi asibiti a amalanken shanu, ni riƙe da kansa, kai riƙe da fitila. Tun daren nan nake da wannan niyya. Motar da Inna za ta hau ba zan ɓoye mata ruɓa da fenti ba.

Ga kuma hanya. An rufe gadar Gaya ta iyakar Nijar da Benin a 2023, sai dai a yi wa motar lodi a jirgin ruwa daga Anvers zuwa Lome, a biyo ta Burkina. Don Allah ka tambayo mini abin da duwan, wato 'yan kwastan, za su karɓa, in fara tarawa.

Na aiko da jika 150, ka yi hayar mota a kwaso amfanin gona, abin da ya rage na goron Inna ne. Ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. In an samu mai zuwa, a ba shi yaji da kilishi, nawa sun ƙare tun azumi. A gai da yara duka.

Ƙaninka,
daga Burusel