Masu ciwon ƙandarewar fata, kada ku ajiye magani don fata ba ta yi laushi ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka kan ciwon da likitocinmu ke rubutawa "sclérodermie" a takardar asibiti, wato ƙandarewar fata. Garkuwar jiki ce ke juyawa ta yaƙi mai ita: fatar yatsu da fuska ta yi tauri, baki ya tsuke, wani lokaci jiki ya yi dabbare-dabbare har a ce kuturta ce ko sammu. Ba a ɗaukarsa, kuma mata ya fi kamawa.

Abin da ke damunmu, mai ciwon kan sha magani wata biyu, ta shafa fatarta ta ji tana nan kamar ƙirgi, sai ta ce bai karɓe ta ba, ta ajiye. Alhali kowace ƙwaya da inda take tsaro, kuma fata ce ƙarshen nuna sauƙi.

Nifedipine jijiyoyin yatsu yake buɗewa, kada sanyi ya ɗauke musu jini su yi gyambo. Yakan sa ciwon kai da kumburin idon sawu a farko, sai a daina, wai ya yi ƙarfi. A gaya wa likita ya gyara awon. Irin wanda ake sha sau ɗaya a rana ba a fasa shi biyu don ya kai ƙarshen wata, domin maganin zai fita lokaci guda jini ya faɗi. A lokacin hunturu kuma: alwalar asuba da ruwan ɗumi, safar hannu idan za a hau babur. Omeprazole na ƙwannafi ne, minti 30 kafin karin kumallo. Tunda ciwon yana kashe ƙarfin maƙogwaro, kowace ƙwaya a haɗiye ta a zaune da cikakken kofin ruwa, kada a kwanta nan take.

Methotrexate, mai rage kaifin garkuwar jiki, shi ne mai kisa idan an kuskure. Sau ɗaya ake sha a mako. Idan likita ya rubuta miligiram 15, ƙwayar kuma ta 2.5 ce, guda 6 ke nan a rana ɗaya, a ce Juma'a don sauƙin tunawa, folic acid kuma, ƙwayar da ke rage illarsa, wata rana dabam. Wadda ta mai da methotrexate na kullum, bakinta zai yi miki, ƙwayoyin jininta su zube. Kada a haɗa shi da Bactrim, wanda ake saya a teburin mai talla don gudawa. Mai neman haihuwa ta faɗa tun kafin ta fara, domin yana lahanta ɗan tayi. Awon jini da na hanta da ake turawa ba neman kuɗi ba ne, da shi ake gane illar tun da wuri.

Sai prednisone da dexamethasone na kasuwa, da ake sha don ciwon gaɓɓai ko neman ƙiba. Ga mai wannan ciwo, prednisone daga miligiram 15 a rana yana iya tayar da hawan jini mai kashe ƙoda, musamman a shekarun farko. A riƙa auna hawan jini a kai a kai. Idan ya hau kwatsam, ga ciwon kai ko ƙarancin fitsari, asibiti a ranar.

'Yan'uwa a gida, yatsun da suka ƙandare ba sa iya ɓare ƙwaya daga leda. Ku ɓare mata, ku sa alama a kalanda ranar methotrexate.

Daga wasu ma'aikatan lafiya,
Garwa, Arewacin Kamaru.