Wai da gaske irin GMO na kashe ƙasar gona?

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya ya aiki. Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in tofa albarkacin bakina a kan wannan magana da ta cika wasap da majalisu, wai duk gonar da aka shuka irin GMO, wato irin da masana suka sauya wa ƙwayoyin gado, shikenan ƙasarta ta mutu.

Ni manomin wake ne, kuma na shuka SAMPEA 20-T, waken GMO ɗin nan da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar a 2019. Abin da mutane ba su sani ba, sinadarin da aka sa masa don kashe tsutsar wake daga wata ƙwayar halitta aka ciro shi, Bt ake ce mata, kuma ita kanta a cikin ƙasa take rayuwa tun fil azal. Da kaka na tuge tushe ɗaya na duba saiwar, ƙulle-ƙullen nan da ƙwayoyin ƙasa ke zama a ciki suna tara wa gona taki suna nan ras, na fasa ɗaya da farce cikinsa ja-ja. Feshi kuma da nake yi sau 6 ko fiye ya dawo 2, to wallahi ni ina ganin tana da sauran ƴan halittun ƙasa hutu suka samu.

Amma fa ban ce a saki baki ba. Masu bincike a Amurka sun gano sinadarin na iya maƙalewa a jikin laka ya ɗan jima kafin ya ruɓe, to ina labarin fadamunmu, ina na jigawa? Ga masarar TELA, ita ma GMO ce, ta shigo a 2024, ita kuma saiwarta da tushiyarta a gona suke kwana. Ya kamata hukumar NBMA mai sa ido kan GMO da malaman Samaru su riƙa ɗibar ƙasa a gonakinmu duk shekara suna aunawa, su faɗa mana sakamakon da Hausa a rediyo, a daina barinsa a turance cikin durowa.

Sannan mu ma mu ji tsoron Allah, mu kwashe kara da harawa tas, mu cinna wa sauran wuta, ba takin gida sai yuriya, maganin ciyawa kuwa kamar ruwan sama, in gona ta gaji ƙuduji ya fito sai mu ce irin Bature ne. Gonar maƙwabcina ko ƙwaya ɗaya ta GMO ba ta taɓa gani ba, amma bana da ƙyar ya cire kuɗin taki.

Naka,
Wani manomi daga yankin Giwa, jihar Kaduna