Ga duk mai shirin sayen keken tsere na farko a Kano

Assalamu alaikum Edita, ina gaida ka da sauran ma'aikata, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɗan sam min fili in yi magana da ƙannena da abokaina na Kano da suka fara sha'awar keken tsere, wannan mai lanƙwasasshen kai da siririyar taya.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 keke ya dawo titi, kowa ya gani. Amma wannan na tseren daban ne, in ka fita bayan asuba titin Gwarzo wajen sabuwar BUK ko ka bi baifas zaka gansu jere sun duƙa suna ta murza feda, wani motsa jiki ya fito, wani likita ne ya ce masa suga ko hawan jini ya fara leƙo shi, wasu kuma yaran tunda suka ga Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci koriyar riga, kyautar wanda ya fi tara maki, a gasar tseren keke ta Tour de France ta 2024 shikenan abin ya shiga ransu. Wallahi ina murna da hakan. Abinda ke damuna shine yadda ake sayen keken, don ni ma haka na saya kuma na ji a jikina.

Nawa na farko na hannu ne, irin wanda ake saukewa daga Turai muke cewa Baljiyam. Na ga fenti yana ƙyalli, na ɗaga shi da hannu ɗaya na ji ba nauyi, mai kayan ya ce ai wannan na ƙwararru ne, na biya na tura shi gida. Ban tambayi lambar girman firam, wato gangar jikin keken, ba don ban ma san akwai ta ba. Ashe 58 ne, ni kuma tsawona santimita 170, wanda ya dace da ni bai wuce 52 zuwa 54 ba. Sati biyu ina hawa wuya ya riƙe, kafaɗa ta ɗau ciwo, in na yi tafiyar rabin awa yatsuna biyu na ƙarshe sai su mutu kamar ba a jikina suke ba, saboda sai na miƙe hannu gaba ɗaya kafin in kamo birki. Na sauke sirdi har ƙasa, ba abinda ya canza. Sirdi ana ɗaga shi ana sauke shi amma firam ba ya raguwa, in ya fi ƙarfinka to ya fi ƙarfinka kenan, sai dai ka sayar da asara yadda na yi.

To dan Allah kafin ka tambayi suna ko kuɗi, ka auna. Ka tsaya ƙafa biyu a ƙasa keken na tsakanin ƙafafunka, ya zama akwai ɗan sarari ko na yatsa biyu ne tsakaninka da ƙarfen sama. Ka hau sirdi ka ɗora dunduniya a feda lokacin da take can ƙasa, ƙafar ta miƙe daidai ba tare da ƙugu ya karkace ba. Sannan ka kama wajen birki, gwiwar hannunka ta ɗan lanƙwasa. In mai kayan ya hana ka zagayawa da shi ko sau ɗaya a layin, ka bar masa abinsa.

Sai maganar taya, nan ne titinmu ke nuna ma keken Turai cewa ya zo Kano. Yawancin tsofaffin da ake kawowa tayarsu 700x23 ce, wato faɗinta milimita 23, siririya kamar yatsa, an yi ta ne don kwalta mai sulɓi. Mu kuma ga rami bayan damina, ga yashi ya taru a gefen titi daidai inda mai keke ke bi, ga fasasshiyar kwalba da ƙusa. Rana ɗaya na faɗa wani ɗan rami da bai kai faranti ba, rim ya matse tiyub ya yi huda biyu a jere kamar saran maciji. Na tura shi wajen mai faci, bawan Allah ya juya bawul ɗin ya sake juyawa ya ce kan famfonsa ba zai shiga ba, don keken tsere bawul ɗinsa siriri ne mai ɗan noti a kai, Presta ake ce masa, ba irin na mashin da mota ba. Ranar a adaidaita sahu muka koma gida ni da keken. Yanzu 28 nake sawa, da firam ɗin zai ɗauki 32 ma da ita zan sa, kuma ba na fita sai da tiyub ɗaya da ƙaramin famfo da ɗan adafta na bawul a aljihu.

Giya kuwa kar wani ya ruɗe ka da yawanta. A kayan giya na kamfanin Shimano akwai Claris mai giya 8 a baya, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sai 105 da na samansa. Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, in ka cire Dala da Gwauron Dutse hawan da zaka haɗu da shi bai wuce gadar sama ba, Claris ko Sora sun ishi mai koyo har ya ƙware, kuma sarƙarsu ta fi kauri ta fi araha. Abinda zaka duba da kyau shine hannun birkin, don a keken tsere na zamani shi ne kuma ke canza giya, in ya lalace kuɗinsa na iya cinye maka kaso mai tsoka na kuɗin keken. A ɗaga tayar baya a juya feda ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya ka ji kowacce ta shiga.

Ni ban ba sabon shiga shawarar ya sayi na hannu mai firam ɗin kabon, wani abu mara nauyi da ba ƙarfe ba ne, ba, tsaga na iya ɓuya ƙarƙashin fenti kuma ba abu ne da mai walda zai taɓa ba. Alminiyam mai lafiya ko ma na ƙarfe ya fi kwanciyar hankali. Ka kifa keken ka duba duk wajen haɗi, ka juya taya ka ga ko tana rawa tana gogar birki. Sitikar kamfanonin keke irin Giant ko Trek kuma kowa na iya mannawa, lambar da aka buga a ƙasan firam wajen feda ita zaka nema, a rubuta maka ita a rasit, don kar ka sayi kayan sata ba ka sani ba.

Kuma ka tambayi kanka me zaka yi da shi. In cefane ne da kai yara makaranta to irin Raleigh da Phoenix na iyayenmu sun fi shi nesa ba kusa ba, suna da kariyar ɗora kaya a baya, kowane mai gyara a unguwa ya san cikinsu. Keken tsere ba ya ɗaukar kaya kuma doguwar riga tana shiga sarƙa. In kuwa shi ɗin kake so, kar ka ƙarar da kuɗin duka a kansa, ka rage na hular kwano da fitilar gaba da ta baya tunda fitar duhun asuba ce. Kuma ka daina zuba wa sarƙa baƙin man inji, da ƙurar hunturu ta hau kai sai ya koma kamar yashi yana cin haƙoran giya, tsumma da ɗan siririn mai sun wadatar.

Roƙona gare ka Edita, a turo wakilinku wata safiyar Asabar ya zauna da masu hawan nan da masu gyaran da suka iya irin wannan keken, a buga mana inda ake samun taya da tiyub na 700 a cikin gari, sannan a yi mana magana da direbobin adaidaita da na tifa su riƙa ba mu ko da taku biyu ne in za su wuce mu.

Naka mai karanta jaridarku kullum,
daga Kabuga, Kano.